Munsif Ɗaya da Rabi

Duk wanda ya ce tsibirinmu na Karkana bai taɓa haifar babban mutum ba, to ba ya shagon shayin bakin tasha ranar da Si Munsif Bin Sha'aban ya sauko daga jirgin ruwan Safakis da akwatunansa. Shekara talatin bawan Allahn nan ya yi a birnin Safakis yana yi wa ƙasa hidima. Shi ne mai duba sikelin 'yan kasuwa. Sai ya faɗo shagon mahauci da jakarsa ta fata, ya fito da duwatsun awo na tagulla, ya ɗora, ya ƙanƙance ido, ya ce giram biyar sun yi ɓatan dabo. Ranar da ya yi ritaya mahautan Safakis har rago suka yanka, don tsananin kewar da za su yi. Abu ɗaya ne kawai bai taɓa hawa sikelinsa ba a duk faɗin birnin, wato shi kansa. Ba tsoro ba ne, Allah ya kiyaye. Cewa ya yi darajarsa ta wuce a auna ta da abin da ake auna hanta.

Kuma Allah ya ba shi daraja, gaba da baya. In ya zauna a shagon shayi sai ka ji kujera ta yi salati. In ya shigo lungu, mai tahowa daga can sai ya koma ya jira. Ga gashin baki a murɗe, ga murya irin wadda aka yi don karanta sanarwa.

Buri ɗaya ya dawo da shi gida, kuma bai ɓoye wa kowa ba.

“Ni ba dukiya nake nema ba,” in ji shi, yana kaɗa cokali a kofin shayi. “Gida ina da shi. Suna nake so. So nake ko bayan raina, sunan Munsif ya zauna a bakin ma'abota teku.”

Jama'a suka ce amin, don mutanenmu ba sa rowar amin. Babu wanda ya tuna masa cewa iyakar saninsa da teku shi ne jirgin fasinjan Safakis, inda yake zama kusa da ƙofar ban ɗaki da lemon tsami a hanci.

A bayan tasha, ƙarƙashin dabinai, akwai wata tsohuwar faluka kwance a kan haƙarƙarinta, sunanta Ummul Hairi. Jirgin katako ce irin ta da, ba inji, sai jigo da dogon farin zane mai kama iska. Ta girmi Si Munsif. A zamaninta ta kwashi kofuna a tseren bazara, amma da mai ita ya rasu sai ta koma ɗakin haihuwar kyanwoyi. Ita Si Munsif ya saya. Kafin ya sayi ƙusa ko ɗaya ta gyara, sai da ya aika Tunis aka kawo masa farar hula mai zaren zinariya a goshi, irin ta manyan matuƙa. Ya kafa ta, ya tsaya gaban madubi, ya naɗa kansa Amirul Bahari, wato sarkin teku. Ba a samu ƙuri'ar adawa ba.

Matarsa, Lalla Naziha, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Ta yi maka kyau, Si Munsif. Amma ka gaya wa Hadi ya riƙa sa maka ido. Ko a bahon wanka sai na ji kana kiran sunana.”

Hadi ƙaninta ne, masunci tun yana da ƙuruciya, baki gare shi kamar an shafa zuma, idonsa kuwa cike da shaƙiyanci. Shi ya karɓi gyaran, ya jawo Bashir mai gidan burodi da Lutfi wanzami, wanda in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa.

Tsohuwar faluka ba ta son raggo. Sai an kankare tsohon fenti har katako ya fito tsirara, a cire ruɓaɓɓen, a cusa zaren auduga a kowace tsaga, a bi da kwalta, sannan a tura ta ruwa a bar ta ta sha har katakon ya kumbura ya matse. Duk wannan baƙar wahala Si Munsif ya sha ta da jarumtaka, daga ƙarƙashin laima. Daga nan yake nuna wa Hadi inda Hadi ya riga ya gyara. Ranar da kwalta ta ɗiga masa a ɗan yatsa, mako guda ya yi yana kaffa-kaffa da yatsan kada ya wanke, yana ɗaga kofin shayi da shi a miƙe.

“Mun sha aiki yau,” yake cewa, yana nishi. “Ku da ba ku da jirgi ba za ku gane ba.”

Mutanen da yake gaya wa haka, rabinsu a cikin jirgi aka yanke musu cibiya.

Da gyara ya ƙare sai ya kawo nasa gudummawar: darduma, kujera mai hannu, ƙararrawar tagulla, da butar shayi da kofunanta. Hadi ya dubi kayan, ya dubi Bashir, ya ce ma sha Allah, yanzu sai labule.

Fitar farko ita ce ta kusa zama ta ƙarshe. Kowa a nan ya san in iska ta cika zane, faluka takan karkata gefe guda, don haka ake jera buhunan yashi a ɗaya gefen su danne ta. In kuma aka juya akala iska ta koma wancan ɓari, sai a ja buhunan a mai da su can. Aiki ne mai cin baya, shi ya sa tsofaffin masuntanmu duk a sunkuye suke sallah tun kafin ruku'u. To ranar, Amirul Bahari ya hakimce a kujerarsa daidai gefen da ke nutsewa. Ummul Hairi ta kwanta har ruwa ya fara leƙo mata, Lutfi ya fara kalmar shahada yana kwarfa da gwangwani, Bashir ya ja buhu har wandonsa ya yage.

Nan Allah ya buɗe wa Hadi basira.

“Ranka ya daɗe!” ya yi kira. “Taimake mu da idonka a wannan gefen. Akwai wani duhu-duhu a ruwan can, mun kasa gane kansa. Sai gwani.”

Si Munsif ya miƙe da nauyin mulki, ya taka zuwa gefen sama, ya jingina tumbinsa, ya kafa madubin hangen nesa. Nan take faluka ta miƙe zumbur, zane ya cika, ta tsaga ruwa kamar an zabure ta. Bashir ya saki buhun da ke hannunsa, ya dubi Hadi. Hadi ya dubi sama, ya yi wa Allah godiya a ɓoye.

“Ba komai a nan,” in ji Amirul Bahari bayan dogon bincike. “Ku wuce. Na ba da izini.”

Da aka zo juyawa sai ga wani duhu-duhun ya ɓullo a ɗaya gefen. Ya taka ya je. Faluka ta sake miƙewa.

Tun daga ranar aikin ya samu suna, wai duba gefe, kuma aka tabbatar masa cewa a manyan jiragen duniya babu mai yin sa sai shugaba. Ya riƙe shi hannu bibbiyu. Har ya kai in an yi jinkirin kiransa yakan yi faɗa, ya ce ana wasa da rayukan mutane. Hadi kuwa ya rage buhu uku daga cikin kayansa, ciwon bayan Bashir ya warke, kuma aka lura duk safiyar da za a fita Bashir yakan aiko wa Si Munsif da burodi mai zafi da man zaitun da zuma, kyauta, don girmamawa. A gabansa Amirul Bahari suke ce masa. A bayansa kuwa Buhu Mai Ƙafa, kuma wallahi da ƙauna suke faɗa, don ba su taɓa samun buhun da ke kai kansa inda ake so ba.

Ba a jima ba shagon shayi ya koma makaranta. Si Munsif ya riƙa koya wa masunta sirrin teku.

“Jirgi yana jin mai shi,” in ji shi. “Ku tambayi yarana. Da zarar na taka gefe na kafa ido, sai ku ga ta nutsu. Kwarjini ne. Ba a koyon sa.”

“Gaskiya ne, Sidi,” in ji Lutfi. “Ni shaida ne. Kwarjininka har a katako ake jin sa.”

A kusurwar shagon akwai mai sauraro guda da ba ya cewa amin. Dakta Rida ne, likitan haƙori, siriri, mai murmushin mutumin da ya saba ganin manya sun buɗe baki suna kuka. Falukarsa Nasima ita ke ɗauke kofin tseren bazara shekara da shekaru, kuma shi da kansa yake riƙe akala.

“Si Munsif,” ya ce a hankali, “na ji an ce za ka shiga tsere bana. Da kujerar za ka shiga, ko za a bar ta a gida ta huta?”

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Gashin bakin Si Munsif ya motsa. Ya miƙe, kujera ta yi hamdala, ya nuna ƙofa, inda jakin Ammi Salah mai dakon kifi yake tsaye yana korar ƙuda da kunne.

“Ku zama shaida, ya jama'a! In hular nan ba ta riga Nasima tsallake igiyar ƙarshe ba, ni da hannuna zan kafa ta a kan jakin can, ya zaga gari da ita daga masallaci har tasha!”

“In kuwa ta riga ni,” in ji Dakta, “zan ɗaura gyale in raba wa shagon nan shayi.”

Ammi Salah ya leƙo ya ce shi ba ruwansa, amma a sani jakinsa ba ya son abu mai matse kunne.

Da labari ya kai gida, Lalla Naziha ta ajiye kwanon kuskus da ƙarfi. “Wato mijina da jaki za su yi rabon hula ɗaya, ni kuma in fita kasuwa da wane ido? Hadi, in ka bari aka yi haka, kada ka sake tako mini gida.”

Hadi ya ce ta kwantar da hankalinta, ta dai ƙara wa maigida kuskus.

Ranar tsere gari ya tashi kaf ya koma bakin ruwa. Ganga da algaita, mata na guɗa, masu gasa kifi sun turnuƙe tasha da hayaƙi. Faluka goma sha wani abu suka jeru, duk tsofaffi, duk an yi musu sabon fenti kamar kakanni a ranar biki. Hanyar kowa ya san ta: a fita a zaga tsohon turken fitila da ke can cikin teku, a dawo a tsallake igiyar da aka ja a bakin tasha. Si Munsif ya iso cikin fararen kaya, hula na walƙiya. Ya yi wa mutanensa uku jawabi a kan ɗa'a da biyayya, har sai da aka harba bindigar tashi yana tsakiyar jimla.

Fita ta yi kyau, don iska ta zo da ƙarfinta, kuma daga gaba take bugowa, sai an yi ta juyawa dama da hagu.

“Ranka ya daɗe, gefen dama!”

Dididi, ya tafi.

“Sidi, hagu, hagu! Ga wani abu can!”

Dididi, ya dawo.

Gumi ya jiƙe fararen kaya, numfashi ya koma huci, amma jarumin bai gaza ba. Tsakanin gefe da gefe har umarni yake bayarwa: “Gaba! Ku matsa mata! Kada ku raga!” Sauran jirage suna can suna fama da jan buhu, kafin su gama ja Ummul Hairi ta riga ta juya ta wuce. Da aka zo turken fitila ita ce a gaba, Nasima na biye da tazara mai kyau, saura duk an bar su a baya. Si Munsif ya ɗaga hula ya yi wa Dakta sallama daga nesa, irin sallamar da ake yi wa wanda aka bari a tasha.

Sai iska ta ɗauke.

Haka take yi mana da rana tsaka a bazara, ba ta sallama. Zane ya saki jiki ya yi laƙwas, sai ɗan numfashi daga baya wanda ko kyandir ba zai kashe ba. A irin wannan hali dokar tserenmu tsohuwa ce kuma a fili take: abin da ka fita da shi ba dole ne ka dawo da shi ba. In iska ta mutu, yashi ya zama kaya, sai a farke buhu a zubar. Bashir ya zaro wuƙa ya farke nasu. A can baya aka hango mutanen Dakta suna zazzage nasu, buhu bayan buhu, Nasima tana ta tasowa sama kamar ɓawon gyaɗa. Su duk nauyinsu na zubarwa ne. Na Ummul Hairi kuwa, mafi yawansa yana tsaye a tsakiya da madubi a wuya.

Ga wata kuma. Ruwa ya fara janyewa, kuma tsakanin turken da tasha tekunmu ba shi da zurfin kirki, tudun yashi ne shimfiɗe tsakanin shingayen kifi na ganyen dabino. Aka ji ƙurrr a ƙarƙashi. Cikin Ummul Hairi ya gogi ƙasa. Ta ɗan ja, ta sake gogawa, ta tsaya tana tunani.

“Me ke nan?” in ji Si Munsif. “Wa ya ba ta izinin tsayawa?”

“Nauyi ne, ranka ya daɗe,” in ji Hadi. “Sai an rage.”

Aka jefa darduma. Aka jefa buta da kofuna. Aka jefa ƙararrawa. Da aka zo kan kujera Si Munsif ya kau da kai, don kada ya ga tafiyarta. Faluka ta ɗan motsa, ta sake kafewa. Nasima kuwa tana tahowa sululu, har an fara jin muryar Dakta.

“Si Munsif! Ko in turo maka jakin ya ja ku?”

Si Munsif ya ɗaga madubi ya dubi tasha, ya kuwa gani. Wasu marasa tsoron Allah sun kawo jakin Ammi Salah har bakin igiya, sun ɗaura masa jan ƙyalle a wuya, sun taje masa gashin goshi. Can gefe ga Lalla Naziha cikin mata, ta rufe rabin fuska da mayafi.  Tsoro na gaske ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a gaban manyansa na ofis, don ya san garin nan: in jaki ya sa hular nan sau ɗaya, jikokin jikokinsa ma sai an kira su 'yan gidan mai jaki.

Amma babban mutum a lokacin tsanani ake gane shi. Ya gyara tsayuwa, ya cika ƙirji, ya saki muryar sanarwa.

“Ku saurara! Wannan umarni ne, ba shawara ba! Duk wanda ba shi da aikin yi a cikin jirgin nan, ya sauka yanzu-yanzu!”

Kowa ya duƙufa ga aikin da ke hannunsa.

Hadi yana riƙe da akala. Bashir ya naɗe igiyar zane a hannu biyu, yana lallashin ɗan numfashin iskar da ya rage. Lutfi yana durƙushe da gwangwani, don tsohuwa ba ta daina yoyo ko ranar tsere, kuma ko an jefa shi ba zai rage nauyin kaza ba.  Ba su ma dube shi ba, don ladabi. Shi ne ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya ƙare a kan hannunsa, wanda ke riƙe da madubi.

“Ai ni ina duba gefe,” ya ce, murya ta ragu.

“Iska ta mutu, Sidi,” in ji Hadi a hankali. “Gefen ya dubu.”

Si Munsif ya dubi buhunan da aka farke suna kwance a yamutse. Ya dubi inda yake tsayawa kullum, daidai inda ake jera su. Ya tuna burodin Bashir da zuma. Mutum ne da ya yi shekara talatin yana ɗora dutse a wannan tafin sikeli don wancan ya daidaita, ba ya buƙatar a yi masa bayani sau biyu.

“Hadi. Duhu-duhun nan da kake nuna mini...”

“Ranka ya daɗe, wallahi tun da nake teku ban ga wanda ya kai ka iya aikin nan ba. Amma ga Dakta nan ya kawo kai. Hula ka ce za ta tsallake igiya. Ba ka ce da kai a cikinta ba.”

Hancin Nasima ya zo daidai wutsiyarsu. Dakta har ya fara gyara murmushi.

Si Munsif ya cire hula, ya rataye ta a ƙusar da ƙararrawa ta bari a jikin jigo. Ya ɗaga ƙafa ɗaya ya haye gefe. Ya so ya yi jawabin ban kwana, har ya fara da “Ku gaya wa Naziha,” sai santsi ya ƙarasa masa. Ya faɗa da ƙara irin ta rushewar katanga, ya nutse, ya taso yana ihu yana dukan ruwa, yana kiran Allah da Annabi da Naziha.

“Miƙe tsaye, Sidi!” in ji Lutfi. “Miƙe kawai!”

Ya miƙe. Ruwa iya cibiya.

Ummul Hairi kuwa ta yi ajiyar zuciya ta taso. Ɗan numfashin iskar nan ya ishe ta. Ta zame daga tudun, ta bar shi nan tsaye, ta nufi tasha da hula tana lilo a jigo.

A nan zan faɗi gaskiya ko da za ta ɓata mini labari. Si Munsif bai taɓa ganin falukarsa daga waje tana tafiya ba sai ranar. Ya tsaya cikin ruwa yana kallon farin zanen nan da tsohon katakon da ya tsamo daga hannun kyanwoyi, tana tafiya a natse gefe da gefe da Nasima, sannan ta fara tsere mata kaɗan-kaɗan. Kunya tana cin sa, amma daɗi ya fi ta ƙarfi. Da bindiga ta tashi, guɗa ta ɓarke, ya tabbata tasa ce ta riga, sai ga hawaye a gashin baki. Shi kaɗai a tsakiyar teku ya yi ta tafi.

Sai dai daga tudun zuwa tasha tafiya ce mai ɗan nisa ga mai ratsa ruwa da takalmi ɗaya, kuma tafiya tana ba mutum damar tunani. Kafin ya iso an miƙa wa Hadi kofi, an ɗauki hoto da hular a jigo, an kwance wa jaki jan ƙyalle. Kafin ya iso kuma, jawabi ya nuna. Ya hau tudu da ciyawar ruwa a wando, ya karɓi hularsa, ya ɗaga hannu aka tsai da ganga.

“Ya jama'a! Abin da kuka gani yau dabara ce ta manyan matuƙa, wadda na daɗe ina ɓoyewa. Na lissafa iska, na lissafa ruwa, na ga lokacin da ya dace shugaba ya janye jikinsa ya bar kwarjininsa ya ƙarasa aiki. Ba kowa ke da wannan zuciyar ba!”

Aka yi tafi kamar tasha za ta tsage, don mutanenmu ba sa rowar tafi. Dakta ya ɗaura gyale ya raba shayi, ya kawo wa Si Munsif nasa da hannu biyu. Lalla Naziha ta yafa masa tawul ta ce, “Barka, Amirul Bahari. Ina ɗaya takalmin?”

Bayan wasu watanni, wata safiya mai iska, yana zaune a shagon shayi sai ya ji sunansa yana tashi daga tasha. Wannan ya ce Munsif, wancan ya amsa Munsif. Zuciyarsa ta yi fari. Ga shi tun yana raye addu'a ta karɓu, suna ya zauna a bakin ma'abota teku. Ya gyara hula, ya taka a hankali don ya ji irin yabon da ake yi.

“Kai Bashir, iskar yau Munsif nawa za ta ci?”

“Ta yi ƙarfi fa. Ɗora Munsif ɗaya da rabi!”

“Ni rabin Munsif ya ishe ni, tawa ƙarama ce.”

Ya tsaya cak. Ga buhunan yashi an jera su uku-uku a bakin ruwa, kowane tsibi Munsif guda. Masunta suka gan shi, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Hadi ya fara neman hanyar da zai bi ta bayan kwandunan kifi.

Si Munsif ya zagaya tsibi ɗaya. Ya taɓa buhu da ƙafa. Ya ɗan ɗaga kunnen buhun ya saki. Sai ga idon nan ya ƙanƙance, irin ƙanƙancewar da ta hana mahautan Safakis barci shekara talatin.

“Wa ya auna wannan?”

“Kintata muka yi, ranka ya daɗe,” in ji Hadi.

“Kintata! Da sunana? Wannan ai tauye mudu ne a bainar jama'a. Wannan bai kai Munsif ba. A kawo sikeli!”

Aka gungaro babban sikelin da ake auna kwandunan kifi. Aka ɗora buhu uku aka karanta. Sannan, a gaban duk wanda ke tasha, Si Munsif Bin Sha'aban ya cire takalmi ya hau sikeli a karo na farko a rayuwarsa, da hularsa, ƙirji a gaba. Allura ta yi rawa, ta wuce awon buhunan, ta ci gaba da tafiya har sai da Lutfi ya yi salati.

Ya sauko yana murmushin nasara.

“Kun gani ko? Tun da na dawo garin nan nake gaya muku kun raina ni.”

Aka ba shi haƙuri, aka ƙara yashi.